Kafin Goliyat Akwai Zaki da Beyar: Nazari a Kan Amincewa da Kai

Wurin karatu: 1 Sama'ila 17:12-50. A duba kuma Markus 14:27-31, Romawa 12:3-8 da Kolosiyawa 3:21.

Gabatarwa

Shekaru kaɗan da suka wuce aka sa ni cikin waɗanda za su gana da masu neman aikin koyarwa a wata makarantar firamare. Cikin masu neman akwai wata yarinya wadda na san iyayenta, takardunta kuwa sun fi na sauran duka kyau. Da ta shigo sai ta durƙusa ta gaishe mu, ta ɗosana a bakin kujera, ta sunkuyar da kai. Aka tambaye ta yadda za ta koya wa 'yan aji uku rabawa a lissafi. Ta buɗe baki, amma muryar ba ta iso wurinmu ba. Aka ce ta ɗaga murya, sai ga hawaye. Bayan fitarta wani saurayi ya shigo, wanda takardunsa ba su kai nata ba. Ya gaishe mu, ya ɗauki alli, ya yi bayani a allo, har ya yi kuskure ɗaya ya gyara da kansa. Shi aka ɗauka. Ban iya cewa an yi rashin adalci ba, gama aikin malami tsayawa ne a gaban mutane.

Da yamma na biya gidansu. Mahaifinta ya ce mini, "Malam, ai mun yi addu'a, har da azumi." Ban yi shakkar wannan ba ko kaɗan. Amma da taɗi ya yi nisa sai na gane cewa a cikin shekara 24 da yarinyar nan ta yi a duniya, ba a taɓa tambayar ra'ayinta a gida ba, ba ta taɓa karanta ko aya ɗaya a sujadar iyali ba, ba a kuma taɓa aikenta kasuwa ta yi ciniki da bakinta ba. Iyayenta mutanen kirki ne, sun koya mata ladabi sosai. Abin da bai zo musu a rai ba shi ne, wata rana za ta tsaya a inda babu Baba babu Mama da za su amsa dominta.

'Yan'uwa cikin Kristi, wannan nazari domin irin wannan gida ne, ina kuma tsammani yawancin gidajenmu suna da ɗan rabonsu a ciki.

Tawali'u dabam, raina kai dabam

Da yawa daga cikin masu bi suna jin tsoron maganar amincewa da kai, domin suna ganin ƙofar girman kai ce. Suna da hujja. Yabon kai jahilci ne, in ji masu iya magana, Littafi Mai Tsarki kuma ya tsananta wa mai girman kai daga farko har ƙarshe. Sai dai mun ɗauki abubuwa biyu mun zuba a tukunya ɗaya. Mai tawali'u ya san abin da ya iya, ya san wanda ya ba shi, yana kuma aiki da shi ba tare da neman tafi ba. Mai raina kansa kuwa yana musun abin da aka ba shi. In an ce ya yi, sai ya ce, "Ni wane ne?" Jama'a su ce kai, wane akwai tawali'u, alhali tsoron kunyata ne ya ɗaure shi. A cikin misalin talanti (Matiyu 25:14-30), bawan da ya binne nasa bai ci kuɗin ba, bai yi caca da su ba. Da bakinsa ya faɗa cewa tsoro ne ya sa, ubangidansa kuwa bai karɓi wannan uzuri ba.

A Romawa 12 Manzo Bulus ya gargaɗi masu bi kada kowa ya ɗauki kansa fiye da yadda yake, sai dai ya auna kansa da natsuwa. Mun saba tsayawa a rabin farko. Amma wanda ya auna hatsi ya ce mudu biyar ne alhali goma ne, ma'auninsa bai fi na wanda ya ce ashirin ne gaskiya ba. Shi ya sa nan da nan Bulus ya ci gaba da lissafa baye-baye, yana cewa kowa ya yi aiki da tasa. 'Yan leƙen asiri goma da suka komo daga Kan'ana (Littafin Ƙidaya 13) sun ga kansu kamar fara a gaban mutanen ƙasar, babu kuwa inda aka yaba musu a kan wannan. Abin da ya biyo baya shi ne shekara arba'in a jeji.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya yi yawa a zamanin nan. Ana shirya taruka, ana tura saƙonni ta WhatsApp, ana ce wa matasa su tsaya gaban madubi kowace safiya su yi ta faɗa wa kansu cewa su zakuna ne, babu abin da zai gagare su. Bitrus ya yi irin wannan magana a daren da aka ba da Ubangijinmu. Ya ce ko kowa ya gudu, ban da shi. Bai yi ƙarya da gangan ba, haka yake ji a ransa. Amma kafin gari ya waye, tambayar wata baranya ta watsa shi. Jin ƙarfi a zuciya yakan zo ya tafi kamar hadarin kaka. A shekarar 2003 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Roy Baumeister, da abokan aikinsa suka bi diddigin ɗimbin binciken da aka yi a kan wannan batu. Abin da suka tarar shi ne, sa yaro ya riƙa jin shi wani ne ba ya ƙara masa maki a makaranta. Sau da yawa yin abin kirkin ne ke zuwa da fari, jin daɗin kai ya biyo baya.

To, in ba daga cika baki ba, daga ina gaba gaɗi na gaskiya yake fitowa?

Abin da Dawuda ya faɗa wa Saul

Yaranmu duka sun san labarin Dawuda da Goliyat, amma a makarantar Lahadi mukan yi gaggawa mu kai wurin da dutse ya sami goshi. Bari mu tsaya a kan abin da ya faru kafin nan.

Kwana arba'in Goliyat yana fitowa safe da yamma yana zagi a Kwarin Ila, ba wanda ya iya fita. Dawuda kuwa ba soja ba ne, aike ya kawo shi. Mahaifinsa Yesse ya ba shi soyayyen hatsi da gurasa goma ya kai wa wansa uku, da cuku goma domin shugabansu. Da ya fara tambaya a kan Bafilisten, mutum na farko da ya nemi karya masa zuciya ɗan gidansu ne, babban wansa Eliyab. Ya husata, ya tambaye shi wa ya bar wa 'yan tumakin nan, ya kuma zarge shi da girman kai da son kallon yaƙi. Ku lura da wannan da kyau, domin haka abin yake har yau. Maganar da ta fi gurgunta mutum ba kasafai take fitowa daga bakin baƙo ba. Dawuda bai tsaya cacar baki da wansa ba. Ya ba shi gajeriyar amsa, ya juya wurin wani ya ci gaba da tambayarsa.

Sai aka kai shi gaban sarki. Saul ma ya ce ba zai iya ba, gama shi yaro ne, Goliyat kuwa mayaƙi ne tun yana saurayi. A nan ne zuciyar nazarinmu take. Dawuda bai ce yana ji a jikinsa zai yi nasara ba. Tarihi ya kawo. Ya ce yana kiwon tumakin mahaifinsa, zaki ya taɓa zuwa, beyar ma ta taɓa zuwa, ya bi su ya ƙwace ɗan rago daga bakinsu, ya kashe su. Sa'an nan ya ɗora da cewa Ubangiji wanda ya cece shi daga waɗannan namun jeji, shi ne zai cece shi daga Bafilisten. Abubuwa biyu ne a haɗe cikin amsar nan, ba a kuwa raba su. Akwai abin da hannunsa ya riga ya yi, akwai kuma sanin wanda ya ba hannun ƙarfi. Wanda ya riƙe na farko kaɗai zai zama Bitrus na daren nan. Wanda ya ce ya riƙe na biyu kaɗai, bai taɓa jefa dutse ko sau ɗaya ba, yana gwada Allah ne.

Ku yi tunanin yawan duwatsun da Dawuda ya jefa a jeji, inda babu mai kallo sai tumaki. Duk wanda ya taɓa tsaron gero daga tsuntsaye da majajjawa ya san ba a iya ta rana ɗaya. Jifa nawa ne ya kuskure? Ba a rubuta mana ba, amma hannun da ya sami goshi da dutse na fari ya daɗe yana kuskure a ɓoye.

Abin sha'awa, masu binciken zamani sun iso wuri ɗaya ta wata hanya. Albert Bandura, haifaffen Kanada wanda ya yi koyarwa a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya rasu a 2021, ya yi aiki da mutanen da tsoron maciji ya hana su sakewa, har wasu ba sa iya fita lambu. Bai yi musu wa'azin ƙarfin hali ba. Ya sa su fara kallon maciji marar dafi daga nesa, su ga wani yana riƙe da shi, sa'an nan su matso kaɗan, su taɓa kejin, su taɓa macijin da safar hannu, daga baya da hannu tsirara, kowane mataki da mai taimako a gefe. (A ƙasarmu dai tsoron maciji hankali ne, kada wani ya je ya gwada wannan da kububuwa!) A shekarar 1977 ya wallafa bayanin da ya shahara da shi, inda ya nuna cewa yarda da mutum yake yi cewa zai iya wani abu tana samuwa ta hanyoyi huɗu: abin da ya taɓa yi da kansa ya yi nasara, ganin wani irinsa ya yi, ƙarfafawar bakin mutanen da ya amince da su, da kuma yadda yake fassara bugun zuciya da rawar jiki in sun zo masa. Ya ce ta farkon ta fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Kakanninmu sun taƙaita wannan tun da daɗewa da suka ce da rarrafe yaro kan tashi.

Ina zaki da beyar na 'ya'yanmu?

Iyaye, tambayar da ta kamace mu ke nan. Yesse ya bar ƙaramin ɗansa da garke a jeji, ya kuma amince ya aike shi bakin daga da kaya. Mu fa, me muka taɓa danƙa wa namu?

Akwai gidaje inda yaro ba ya yin kome sai karatu da kallon talabijin, domin iyaye sun sha wahala suna ƙanana, ba sa so 'ya'yansu su sha. Akwai kuma gidaje inda yaro yake aiki daga asuba har dare, amma bai taɓa jin "madalla" ba, sai in ya fasa kwano a tuna da shi. Dukansu biyu suna fitar da matasa masu rawar jiki. Abin da yaro yake bukata shi ne aiki na gaske wanda ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan, a nuna masa yadda ake yi, a bar shi ya yi, in ya ɓata a gyara masa ba tare da an tara masa jama'a ba. Ɗan shekara bakwai zai iya karanta aya biyu a sujadar safe, ko da yana tuntuɓe. 'Yar shekara goma za ta iya zuwa wurin mai kayan miya da kuɗi a hannu, ta taya, ta karɓo canji, ta ba da lissafi. Ɗan shekara goma sha biyar zai iya riƙe kiwon kaji goma, ribar da asarar duka a rubuce a littafinsa. In baƙo ya tambayi yaro sunansa da ajinsa, uwa ta yi haƙuri ta bar shi ya amsa da kansa.

Sai maganar baki. Bulus ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Kalmomin da muke jifan yara da su cikin fushi, irin su "daƙiƙi", "sakarai", "ba za ka taɓa zama kome ba", "dubi ɗan wane", mu mukan manta da su kafin a ci tuwon dare. Yaron kuwa yakan tafi da su har ɗakin jarrabawa, har gidan aurensa. Na san dattijo mai furfura wanda har yau ba ya yarda ya yi addu'a a bainar jama'a, domin ranar da ya fara gwadawa yana yaro, mahaifinsa ya yi masa dariya a gaban baƙi. Haka kuma maigidan da yake gwale matarsa a gaban yara duk lokacin da ta kawo shawara, ya sani yana koya wa 'ya'yansa mata cewa bakinsu ba shi da daraja, yana kuma koya wa maza yadda za su yi da nasu matan.

Amma yabo ma yana da nasa haɗari. A shekarar 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa wani bincike da suka yi da 'yan makarantar firamare a Amurka. Aka ba yaran wasu tambayoyi, bayan sun gama aka yaba wa waɗansu cewa suna da ƙwaƙwalwa, waɗansu kuma aka yaba musu cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka fi saurin karaya, suka fi son a ba su masu sauƙi, har waɗansunsu suka ƙara wa makinsu da aka ce su faɗa wa wasu yara. Dalilin a fili yake. Yaron da aka ce masa shi gwani ne yana da suna da zai kare, saboda haka yakan guji duk abin da zai iya tona shi. Ya fi kyau uwa ta ce, "Na ga yadda kika sake wanke tukunyar nan har ta fita," da ta ce, "'Yata ta fi kowa." Na farkon gaskiya ne wanda yarinyar za ta iya maimaitawa gobe.

Wani abu kuma da ya shafi al'adarmu. Mun koya wa yara cewa duban babba ido cikin ido rashin kunya ne, ni ma haka aka rene ni, ban kuwa ce a zubar da wannan ba. Amma a ɗakin ganawar neman aiki, ko a gaban likita, ko a ofishin da aka riƙe wa mutum takardunsa, sunkuyar da kai da magana ƙasa ƙasa akan ɗauke su a matsayin rashin sani ko ɓoye wani abu. Sai mu koya wa yaro duka biyu: ya gaisa da ladabi irin na gida, sa'an nan ya ɗaga kai ya amsa da muryar da za a ji. Haka batun Turanci. Yaranmu da yawa da suka tashi da Hausa ko harshen kakanninsu sukan yi shiru a aji ko a sansanin bautar ƙasa domin kada a yi wa lafazinsu dariya. A faɗa musu tun da wuri cewa Turanci harshe ne kamar kowane harshe, da yin sa ake iya shi, wanda kuma yake jin harshe uku ba shi da dalilin jin kunya a gaban mai jin ɗaya.

Sulken Saul

Mu koma Kwarin Ila. Da Saul ya yarda, sai ya sa wa Dawuda kayan yaƙinsa, da kwalkwali na tagulla da sulke da takobi. Dawuda ya gwada tafiya ya kasa, domin bai saba da su ba. Ya tuɓe su a gaban sarki, ya ɗauki sandansa, ya zaɓi duwatsu biyar masu sulɓi daga rafi, ya riƙe majajjawarsa. Ina ganin wannan ya bukaci ƙarfin hali kusan daidai da fuskantar Goliyat. Yaro makiyayi ya mayar wa sarki kyautarsa, ya fita gaban rundunai biyu da kayan kiwo.

Mutane da yawa sun rasa gaba gaɗi domin suna tafiya cikin sulken wani. An tilasta wa yaro karatun likita alhali hannunsa na gyaran inji ne. Matashiya tana duba hotunan tsararta a Facebook tana ganin ita kaɗai aka bari a baya, ba ta san bashin da ke bayan hoton ba.

Ku ɗauki takardar naira ashirin ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar Gbagyi daga garin Kwali, wanda yanzu yake cikin Babban Birnin Tarayya. Ba ta yi karatun boko ba. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane da hannu a wurin wata 'yar'uwar iyayenta, ta yi ta yi har randunanta suka kai fadar Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, a garin da yanzu ake kira Suleja. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Ya buɗe wurin koyar da ginin tukwane a garin, a shekarar 1954 kuma Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta fari a wurin. Ta koyi aiki da injin juya yumɓu, da shafa wa tukwane ruwan ƙyalli, da gashi a tanderun zamani. Ba ta ji tsoron sabon abu ba. Amma ba ta yar da abin da ta zo da shi ba. Ta ci gaba da gina manyan randunanta da hannu kamar yadda aka koya mata a gida, tana zana musu kunama da ƙadangare da kada da kifi, waɗannan ne kuwa suka kai sunanta London. Ta tsaya a gaban Turawa a Ingila da Amurka tana nuna yadda ake yi, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a 1984. Da ta ɗauki sana'ar ƙauyensu abin kunya ce, da ba mu san ta ba.

Ga manya kuma

Kada wani ya ce wannan magana ta yara ce, shi nasa lokaci ya wuce. Akwai tela a cikin zumuntar mata wadda ɗinkinta ya fi na kowa a unguwa, amma in aka tambaye ta kuɗin ɗinki sai ta ce, "Ki ba da abin da ya sauƙaƙa." Shekara goma tana ɗinki, ba ta iya sayen keke na biyu ba. Akwai ma'aikacin da ya san amsar matsalar da ake ta juyawa a taron ofis, ya yi shiru, wani ya faɗi rabin abin da ya sani aka ƙara masa girma.

Ga irin waɗannan, Nehemiya abin koyi ne (Nehemiya 1 da 2). Ya ji labarin rushewar garun Urushalima a watan Kisle, bai yi magana da sarki Artashate ba sai a watan Nisan, wajen wata huɗu ke nan. Ranar da sarki ya tambaye shi dalilin ɓacin fuskarsa, shi da kansa ya rubuta cewa ya tsorata ƙwarai. Tsoron bai hana shi magana ba. Ya yi gajeriyar addu'a a zuciyarsa, ya faɗi bukatarsa. Da aka tambaye shi tsawon lokacin da zai yi, yana da amsa. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin yankunan da zai ratsa, da wata zuwa ga Asaf mai lura da kurmin sarki domin katako. Mutumin da ya san har sunan mai tsaron kurmi bai kwana wata huɗu yana kuka kawai ba, ya yi shiri. Garun kuwa aka gama shi cikin kwana 52.

Saboda haka 'yar'uwa tela ta zauna da takarda ta lissafa zare, da shafi, da man janareta, da awoyin da ta yi a kan keke, ta fitar da kuɗin kowane irin ɗinki, ta rubuta ta manna a bango. Faɗin farashi ba zai ƙara yi mata nauyi kamar dā ba, domin yanzu lissafi ne yake magana. Mai zuwa ganawar neman aiki ya nemi wani dattijo ko malami a ikkilisiya ya zauna ya yi masa tambayoyi sau uku ko huɗu kafin ranar. Mai jin tsoron magana a taro ya rubuta abu ɗaya da zai faɗa, ya faɗe shi da wuri kafin zuciya ta hana shi. In zuciyar ta yi ta bugawa, hannu ya yi gumi, ya sani jiki ne yake shirin aiki, masu wa'azi da suka shekara talatin a bagade ma suna jin haka. Abin da bai sani ba kuma ya ce bai sani ba, zai bincika. Matambayi ba ya ɓata, mai amincewa da kansa ne kuwa yake iya tambaya a gaban mutane.

In an gwada an fāɗi fa? Yahaya Markus ya bi Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta fari, ya rabu da su a Bamfiliya ya koma gida. Da za a sake fita Bulus ya ƙi a tafi da shi, har gardama ta raba manzannin biyu (Ayyukan Manzanni 15:36-40). Barnaba ya ɗauke shi suka tafi Kubrus. Bayan shekaru, Bulus ɗin nan da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11). Tsakanin gudun da wannan shaida akwai mutum ɗaya da ya sake ba shi aiki. Ɗan da ya fāɗi jarrabawar JAMB, ko wanda jarinsa ya karye, ya riga ya san ya fāɗi, ba ya bukatar a tuna masa kowace safiya. Yana bukatar wanda zai zauna da shi su duba inda aka kuskure, ya kuma danƙa masa wani abu ƙarami da zai iya gamawa.

Yarinyar da na ba da labarinta a farko, matar fastonmu ce ta zama Barnabanta. Ta ba ta yara biyar 'yan ƙasa da shekara shida a makarantar Lahadi, ta zauna a bayan aji makonni na fari ba ta ce kome ba. Bayan wata shida aka ƙara mata aji. Daga baya ta karanta sanarwa a taron matasa, takardar tana rawa a hannunta, amma ta kai ƙarshe. Da aka sake neman malamai a wata makaranta ta je. Muryarta har yanzu ba mai ƙarfi ba ce, sai dai 'yan ajinta na baya suna jinta sarai.

Tambayoyi domin tattaunawa a iyali

1. A karanta 1 Sama'ila 17:28-30. Wace magana ce aka taɓa faɗa maka a gida wadda har yau take hana ka gwada wani abu? Akwai wadda kai ma ka faɗa wa wani, wadda ta kamata ka nemi gafara a kanta?

2. A gwada amsar Dawuda ga Saul da maganar Bitrus a Markus 14:29-31. Me kowannensu ya dogara a kai?

3. Kowa a gidan, har da Baba da Mama, ya faɗi abu ɗaya mai wuya da Allah ya taɓa taimakonsa ya yi. A sa ɗaya daga cikin yaran ya rubuta su a bayan littafin sujadar iyali.

4. Wane aiki ne za a danƙa wa kowane yaro daga wannan mako har fitowar mujalla ta gaba, wa zai nuna masa yadda ake yi, wace rana ce kuma zai ba da rahoto?